Sulle da Kurun Kawu Badaruddeen

A wani ƙauye da ke gefen Falgore, cikin ƙasar Rogo, akwai wani mutum ana ce da shi Sulle, wanda Allah Ya hore wa baki amma Ya rage masa kunne. Sana'arsa turka raguna. Ba laifi, ya iya, sai dai abin da ya iya bai kai rabin abin da yake faɗa ba. In ya zauna a dandali sai ya ɗauko labarin wani rago da ya taɓa turkawa, wanda sai da aka cire ƙyauren zaure kafin ya fita. Waɗanda suka ga abin sun ce ƙyauren dama a ɓalle yake, jingine shi kawai ake yi, amma wa ke da lokacin musu da Sulle? A wurinsa duk wata cuta ta dabba sunanta ɗaya, yunwa, maganinta kuma a ƙara dusa.

Kawunsa, Malam Badaruddeen, shi ya riƙe shi tun yana ɗan shekara biyar, bayan rasuwar mahaifiyarsa. Yanzu tsufa ya kama Kawu ta gwiwa, daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta sau biyu. Abin da ya hana shi zama a gida kamar turmi shi ne wani kuru, ɗan gajeren doki mai suna Bidi, wanda tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba, ga sanyin hali. A kansa Kawu ke zuwa gona, a kansa yake zuwa gaisuwar rasuwa, a kansa yake tsallake rafi duk Juma'a zuwa babban masallaci da ke ƙetare. Mashin kam ya rantse ba zai sake hawa ba, tun ranar da wani ɗan acaɓa ya zubar da shi a gonar gyaɗa. Shekara arba'in Juma'a ba ta wuce shi ba, kuma a sha biyun ƙarshe Bidi ne ƙafarsa. Kowa a garin ya san in babu Bidi, Kawu ya gama fita.

Da ruwa ya fara sauka bana, Bidi ya soma taka ƙasa kamar mai tafiya a kan garwashi. Aka kira Malama Munawwara, likitar dabbobi daga Karaye. Ta tattaɓa kofatansa, ta matsa wuyansa, ta ce ciwon kofato ne, irin wanda ƙiba da yawan hatsi da ɗanyar ciyawar farkon damina ke jawo wa ƙananan dawaki, amma bai yi nisa ba. Ta ce a janye masa dawa da dusa gaba ɗaya, kada ya ga ɗanyar ciyawa ko daga nesa. Busasshiyar ciyawa kawai, ita ma a jiƙa ta awa ɗaya, a tsane ruwan kafin a ba shi, a kuma zuba masa yashi mai laushi a turkensa. Ta ba da gwangwanin garin sinadari, cokalin shayi ɗaya kullum, don kada ragin abinci ya hana jikinsa abin da yake buƙata. Daga nan ta zagaya cikin Bidi da igiya ta bayan ƙafafun gaba, ta yanke ta daidai inda bakin biyu suka haɗu. Ta ce nan da mako shida za ta dawo, tana son ta tarar igiyar ta yi rara da faɗin tafin hannu.

A makon ne kuma ranar aikin idon Kawu ta zo. Za a cire masa yana a Kano, zai zauna wurin 'yarsa har ido ya warke, shi ma mako shida. Da safen tafiya ya kira Sulle zaure.

"Ka ji abin da yarinyar nan ta ce. Ba ni da ƙafa sai shi. Abin da ta ce a yi shi za ka yi, kada ka ƙara, kada ka rage."

Sulle ya dafa ƙirji ya ce Kawu ya tafi hankalinsa kwance, in ya dawo ba zai gane Bidi ba. A nan kam bai yi ƙarya ba.

Motar Kawu ba ta gama shan kwana ba Sulle ya janyo kuru zuwa gidansa, ya zaunar da matarsa Hajo ya zayyana mata shirinsa. Ya ce tun da yake bai taɓa jin an warkar da dabba da horon yunwa ba, 'yan boko ne kawai ke son wahalar da abin da ba ya magana. Shi zai haɗa nasa abincin, ya sa masa suna Haɗin Sulle Mai Tayar da Kwance. Ranar Juma'ar da Kawu zai dawo zai fito da Bidi bakin hanya a gaban jama'a, yana sheƙi yana haniniya, daga ranar duk mai doki tun daga Beli har Karaye sai ya yi layi a ƙofar gidan nan.

Hajo ta gama jinsa tana tsince shinkafa, ta ce, "Malam, ragon da kake turkawa yanka shi ake yi. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye shi yadda ƙafarsa take."

Sulle ya ce ai dama mata ba su san kiwo ba, ya tashi ya bar mata wurin.

Da gwangwanin Malama ya fara. Ya yi lissafi ya ga in cokali ɗaya kullum zai warkar cikin kwana arba'in da biyu, to ludayi ɗaya zai gama aikin kafin Laraba, jan rai na mene ne? Bidi ya sunsuna garin ya yi atishawa, ya bule masa gemu da gira fari fat. Duk da haka Sulle ya dage yana cusa masa cikin ruwan sha, kwana huɗu gwangwani ya ƙare, rabi a cikin doki rabi a jikin rigarsa. Takardar da Malama ta rubuta lambar wayarta kuwa, da ita ya ƙunso kanwa daga kasuwa.

Sai aka shiga babban aiki. Ya samo duro na roba, ya zuba dusa da jiƙaƙƙiyar dawa, ya ƙara tunkuza, ya barbaɗa garin zogale, ya daka dabino, ya fasa ƙwai bakwai, ya jefa kanwa dunƙule guda. Ya juye zumar da mahaifiyar Hajo ta aiko mata don tari, ya kuma tuƙa abin duka da muciyar tuwonta. Da Hajo ta fito ta ga muciyarta tsaye a cikin duro, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce daga yau in ya ji tuwo yana warin doki kada ya tambaye ta dalili. Bidi kuwa, bawan Allah, me ya sani? Ya ci, ya lashe kwano, ya ɗaga kai yana neman ƙari, Sulle ya riƙa zagaya shi yana cewa a zo a ga mara lafiyar da aka ce a hana wa abinci.

Maƙwabcinsa na jikin danga wani Bafulatani ne mai shanu, Bappa, wanda iyayensa suka taso daga Fulatan. Bappa ba ya ɗaga murya, ba ya kuma barin magana ta wuce shi. Ya leƙo ta saman danga ya ce, "Dakta Sulle, barka da aiki. Biki ake yi ba a gayyace mu ba?"

"Magani ne, Bappa. Kai da ka saba da masu cin kara, me ka sani a kan doki?"

"Ban san komai ba. Na dai ga wuyansa ya fara tozo. In ya ƙara mako biyu ka aro min shi, in haɗa shi da bijimina su yi min huɗa."

Sulle ya ce hassada ce, kuma ya saba da ita.

Da yake ya haɗa abin da zai ciyar da dawaki goma, sai ya rufe ragowar da leda, ya danna murfi, ya ɗaure da robar taya, ya bar duron a rana wai don magani ya nuna. Ya kuwa nuna. Rana ta biyar, ana idar da azahar, aka ji wata ƙara da ta sa kaji suka watse har unguwar gaba. Murfin ya tashi sama ya sauka kan rufin Bappa, abin ciki ya yi wa shanyar Hajo feshi tun daga zanin gado har ɗankwali, wani tsami ya cika unguwar. Kafin a ankara agwagin maƙwabta sun taru suna wawason abin da ya zube. Zuwa la'asar sai ga su sun jero ta ƙofar masallacin unguwa suna tangaɗi, wannan na ture wannan, ɗaya ta zo daidai gaban liman ta faɗi rigingine tana wutsil-wutsil da ƙafa. Mai unguwa ya aiko a tambayi Sulle, cikin mutunci, me yake dafawa a gidansa.

Sulle ya je da kansa ya yi bayani. Ya ce ƙarfin magani ne, abin da ya ɗaga murfi zuwa kan rufi a yi tunanin abin da zai yi wa doki. Mai unguwa ya ce ya yi tunanin, shi ya sa ma hankalinsa ya tashi. Daga ranar mata suka kulle agwaginsu, Hajo ta tona rami ta binne sauran, shi kuma Sulle ya koma haɗa sabo kullum, ya ninka kanwa wai don ta kashe tsami.

Labari ba ya zama wuri ɗaya, kuma in ya yi tafiya yakan canza kaya. Kafin ya isa Beli ya zama wai an sami wani gwani a Falgore mai abincin da ke sa doki tsallake katanga. Sai ga wani mai dawaki biyu, Alhaji Hammawa, ya biyo daga wurin suna, cikin farar shadda da sabuwar hula, ya ce a nuna masa. Sulle ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Ya zagaya da baƙon ta gaba, ya nuna masa wuya, ya nuna masa ƙirji, ya ce ai babban abin kallon yana baya. Ya ce Alhaji ya matso, ya ƙara matsowa, ya sunkuya ya ga yadda cinya ta cika. Ya ɗaga wutsiya da hannu ɗaya, ya daki kuturin Bidi da ɗayan. To, kwana tara ke nan kanwa tana jiran wanda zai ba ta hanya.

Ba sai an tsawaita ba. Alhaji Hammawa ya bar gidan cikin wata tsohuwar rigar Sulle da ta tsaya masa a gwiwa, shaddarsa a ƙunshe cikin leda yana riƙe da ita nesa da jiki. Bai yi faɗa ba, sai da ya fito ya ga Bappa a gindin danga ya tambaye shi a hankali ko mutumin nan lafiyarsa ƙalau. Da yamma Sulle ya shaida wa 'yan dandali cewa wankin ciki ne, cutar ce ta fita gaba ɗaya, kuma Alhaji ya gamsu har ya tafi da samfuri. Bappa ya ce wannan gaskiya ne, ya tafi da shi, har a hula.

A mako na huɗu Bidi ya zama kamar randa mai ƙafafu. Ya daina zagaya turke. Sai ya miƙe ƙafafun gaba can gaba, ya jingina nauyinsa baya, ya tsaya haka yini guda yana nishi. Sulle ya ce tsayuwar isa ce, dawakin manya haka suke yi. Hajo ta durƙusa ta taɓa kofaton, ta ce da zafi kamar kasko, ta roƙe shi don girman Allah ya nemo Malama. Ya ce zafin lafiya ne, jini ne ke gudu.

Amma da ta shiga ɗaki ya lallaɓa ya ɗauko igiyar awo daga aljihu ya zagaya cikin Bidi. Bakin igiyar biyu suka tsaya suna hangen juna, tsakaninsu ya fi taƙi guda. A nan tsoro ya kama shi na gaske, don yana son Kawu kuma ya san abin da Bidi yake a wurinsa. Da mai hankali ne da ya hau mota zuwa Karaye a ranar. Sai dai kunya ta fi tsoron ƙarfi, ga shi ya riga ya sa mai shela ya zagaya gari da sanarwar Juma'ar dawowar Kawu. Ya duba hagu ya duba dama, ya je bakin rijiya ya yanko kamu ɗaya daga igiyar gugan Hajo, ya ɗaura. Igiya ta zagaya har da rara, ya ji sanyi a ransa kamar dokin ne ya rame.

Mako na biyar ta sake ƙin haɗuwa, ya sake komawa rijiya. Washegari Hajo ta zura guga, ta zura, igiya ta ƙare a hannunta, guga na lilo a sama ruwa na kallonsa daga ƙasa. Ta kira maigidan ta nuna masa. Ya leƙa da fuskar masani ya ce ruwan rijiyar ne ya yi ƙasa.

"Da damina, Malam? Jiya fa aka yi ruwan da ya rushe katangar liman."

Ya ce abin ƙarƙashin ƙasa ba a gane masa, ya sa takalmi ya fice.

Hajo ta yanke shawarar yin abin da kanta. Ranar da Malama ta zo gidan Kawu, Hajo tana can bayan ƙyaure, ta ji duk abin da aka faɗa, kuma ita kunnenta na aiki. Daga ranar maganar rijiyar nan, da Sulle ya fita dandali yin tallar kansa sai ta kwashe haɗin ta miƙa wa shanun Bappa ta saman danga, ta jiƙa busasshiyar ciyawa ta tsane ta ba Bidi, ta jiƙa tsumma da ruwan randa ta naɗe masa kofatai. Sulle ya riƙa dawowa yana tarar da kwano fes, yana yaba wa kansa. Shanun Bappa kuwa suka yi kyau a makon nan.

Ranar Juma'a ta zo. Tun hantsi mutane suka fara taruwa a gindin ɗorawar bakin hanya, inda motar Kano ke sauke fasinja, don dama nan ce hanyar rafi zuwa masallaci, ga kuma kallo kyauta. A gida kuwa Bidi na kwance. Sulle ya ɗaura masa sirdi a kwancen, ya lallashe shi, ya yi masa kirari, ya roƙe shi da girman zumunci. Da ƙyar ya miƙe, ya yi taku biyu, ya tsaya yana rawar ƙafa. Bappa ya leƙo, wannan karon ba wasa a muryarsa, ya ce a bar dabbar nan inda take, a je a gaya wa Kawu gaskiya. Sulle ya ce to, ya jira har ya ji fitarsa.

Sai ya ruga gidan mai itace ya aro amalanke. Dabarar ita ce ya ɗora Bidi a kai, ya lulluɓe shi, ya bi ta bayan gari, ya sauke shi a bayan ɗorawa ba wanda ya gani, ya tsayar da shi da sirdinsa. Tsayuwa dai ai yana iyawa, in Kawu ya ce zai hau sai a san abin da za a ce. Ya kara amalanken da tudun ƙasar da ke gefen turke, ya shimfiɗa buhuna, ya yaudari Bidi da dabino har ya taka ya hau ya kwanta. Ya rufe shi da zanin gadon Hajo mai furanni, ya shiga tsakanin hannuwan amalanke, ya ja.

Har bayan gari abin ya tafi daidai, Sulle ya fara tsara jawabin da zai yi. Abin da ya manta shi ne hanyar bayan gari gangara ce, kuma ba bayan ɗorawa take ɓullewa ba, gabanta take ɓullewa. Suna fara gangarawa Bidi ya ji ba daɗi ya muskuta baya. Gindin amalanke ya dafe ƙasa, hannuwan suka tashi sama, suka tafi da Sulle. Ya rungume ƙarfe yana tuƙa iska da ƙafafu, takalmi ɗaya ya faɗi, hula ta bi shi. Amalanken bai yi gudu ba, da ma ya yi da an ce hatsari ne a tausaya. A hankali ya riƙa sulalowa cikin laka, yana jan gindi, cikin natsuwa, mutane na darewa suna ba shi hanya, har ya zo tsakiyar taro ya tsaya daidai lokacin da motar Kano ta buɗe ƙofa. Zanin gado ya zame. Bidi ya ɗago kai, sirdi a karkace, yana taunar dabino.

Kawu ya sauko da sabon tabarau, wata mata ta riƙe masa hannu. Malama Munawwara ce, ta shigo motar a Karaye don cika alkawarin mako shida. Kawu ya tsaya ya dubi amalanke, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake dubawa.

"Bappa, zo nan. Abin da nake gani haka yake, ko aikin idon ne bai yi ba?"

"Aiki ya yi, Malam. Dokin ne a kan amalanke, Sulle ne a sama."

Dariyar da aka yi a gindin ɗorawar nan sai da wasu suka zauna a ƙasa. Majiya ƙarfi huɗu suka danne amalanke aka sauko da Sulle, kuma ko da ƙafarsa ta taɓa ƙasa bakinsa bai mutu ba. Ya ce sabuwar dabara ce ta hutar da kofato, a manyan garuruwa haka ake yi. Ya zaro igiyar awo ya ce ga shaida, Malama ta gwada da hannunta, rarar ma ta fi tafin hannu. Malama ta karɓa ta ɗaga ta sama kowa ya gani: igiya kala biyu, ƙulli biyu, tsawonta ya isa ɗaure saniya. Daga cikin matan da suka zo taryen Kawu aka ji muryar Hajo tana cewa in Malama ta gama a taimaka a ba ta abarta, mako guda ke nan a gidan Bappa take ɗiban ruwa.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta hau amalanke ta durƙusa, ta kama kofaton Bidi ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan kowanne. Yadda fuskarta ta canza ya sa dariyar ta riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya har wurin ya yi tsit. Ta tambayi me aka ba shi, Bappa ya lissafa mata, tun tana gyaɗa kai har ta daina. Ta ce da alama akwai wanda ya riƙa sanyaya masa ƙafa ya kuma janye masa abincin nan a 'yan kwanakin ƙarshe, ba don haka ba da yanzu wata maganar ake yi. Zai tashi in Allah Ya so, amma wata uku ba mai hawansa, ko sirdi kada a ɗora masa, bayan nan ma sai ta gani.

Kawu ya dafa amalanke ya matsa, ya sa hannu a wuyan Bidi ya kira sunansa. Kuru ya saki dabinon, ya cusa hanci cikin rigar tsohon ya yi shiru. Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin sabon tabarau, Kawu bai share ba don an hana shi taɓa idon. Sulle ya tsaya da takalmi ɗaya yana jiran zagi, yana ma fatan a zage shi ko a mare shi ya sami sauƙi, Kawu ko kallonsa bai yi ba.

Can sai kiran salla na farko ya taso daga ƙetaren rafi. Mutane suka fara naɗe ƙafar wando suna gangarawa. Malama da Hajo suka ce za su tsaya da Bidi a inuwa har a dawo a mayar da shi gida a hankali. Wani ɗan acaɓa ya matso ya ce zai kai Baba ta gada kyauta, Kawu ya yi kamar da ɗorawa ɗan acaɓan yake magana. Ya gyara rawaninsa, ya miƙa wa Bappa sandarsa.

"Sulle."

"Na'am, Kawu."

"Durƙusa."

Sulle ya durƙusa a gaban duk mutanen da ya tara da shela, Kawu ya hau bayansa ya sarƙe hannuwa a wuyansa. Sulle ya yunƙura da ƙarfi don ya zaci nauyi, har ya kusa kifawa, ashe tsohon bai kai rabin buhun dusa ba. Yana jin ƙasusuwan gwiwar nan biyu a haƙarƙarinsa, yana jin numfashinsa a kunne. Da suka shiga ruwa ya kai masa cinya, ya tuna a wannan rafin Kawu ke goya shi zuwa Juma'a lokacin da ba shi da kowa, sai ya sunkuyar da kai ya bar mutane su ɗauka ruwan rafi ne a fuskarsa. Bappa na biye da su da sanda.

A ƙofar masallaci Kawu ya sauka, ya karɓi sandarsa, ya kakkaɓe riga. Sulle na dafe da bango yana haki.

"Wata uku Juma'a nawa ke nan?"

Sulle ya ƙirga da yatsu ya ce, "Sha uku, Kawu."

"To, saura sha biyu," in ji Kawu, ya cire takalmi ya shiga sahu.